Kara, tattaka da harawa a gonar karas da dankali: a ƙone, a binne, a shimfiɗa, ko a ruɓar?

Da an kammala girbi wajen watan Nuwamba, manomin da ke haɗa noman damina da na rani yakan samu kansa da tarin abu a zube: karan dawa da na masara, tushiya, karmami, tattakar shinkafa, harawar wake da ta gyaɗa, ga ɓawo ga ƙaiƙayi. A daidai wannan lokaci kuma yake gyara fangali don karas, ko yake neman irin dankalin Turawa, kuɗin kamfa da yuriya na ta yi masa nauyi. Dole ya tambayi kansa ko wannan tarin zai rage masa sayen taki. Zai rage, amma yadda aka shigar da shi gona shi ne ke raba riba da asara, kuma a noman abin da ke yin 'ya'ya a cikin ƙasa kuskuren ya fi tsada. Masara za ta iya jure kara a gindinta, domin abin sayarwarta yana sama. Karas da dankali kuwa abin da za a kai kasuwa shi ne yake kwance a cikin ƙasar, yana gogayya da duk abin da aka binne.

Sai a fara sanin abin da ke cikin ragowar. A tan guda na busasshiyar tattakar shinkafa akwai naitirojin kilo 5 zuwa 8 kacal. Buhun yuriya ɗaya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23, wato sai an tara tan uku zuwa huɗu da rabi na tattaka kafin a kamo buhu guda. Fosforas ma kaɗan ne ƙwarai. Inda ragowar hatsi take da arziki shi ne fotash: wannan tan ɗin yana da kilo 14 zuwa 20, alhali buhun kamfa 15-15-15 kilo 7.5 kawai yake bayarwa. Ke nan tan ɗaya na tattaka ya kai buhu biyu na kamfa ta wannan fuska. Dalili shi ne shinkafa da dawa da masara suna barin mafi yawan fotash ɗin da suka sha a jikin kara da ganye, ƙwayar ba ta tafiya da shi. Fotash kuma shi ne sinadarin da masu saiwa suka fi ci: kowane tan na dankalin Turawa da aka tone yana fita da kilo 5 zuwa 6 daga gona, rogo da dankalin Hausa su ma haka suke zuƙe shi. Wannan daidaituwa ce ta sa nake ganin mai noman saiwa ya fi kowa haƙƙin damuwa da inda karansa ya tafi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ashana. A Kura da Kadawa da sauran filayen da ke shan ruwan madatsar Tiga, ana bugun shinkafa a bar tattaka tsibi-tsibi, mai gona na sauri ya kafce ya shuka na rani, sai ya cinna mata wuta. Ba za a ce tokar ba ta da amfani ba. Mafi yawan fotash yana zama a cikinta, kuma iyayenmu mata sun daɗe da sanin ƙarfinta, tun da daga tokar kara suke tace ruwan toka na miya. Masu lambu a Jos ma sun daɗe suna sayen tokar bola suna zubawa a fangalinsu. Amma wuta tana tafiya da kusan dukan naitirojin, ta tafi da jikin karan baki ɗaya, wato abin da zai ruɓe ya sa ƙasa ta yi laushi ta riƙe ruwa. Tokar da ta rage kuma a wuri ɗaya take taruwa, iskar hunturu ta kwashe wani sashe nata. Ga mai dankalin Turawa akwai ƙarin matsala: toka mai yawa tana rage tsamin ƙasa, kuma cutar da ke sa fatar dankali ta yi ƙirci-ƙirci ta fi samun wuri a irin wannan ƙasa. Don haka wuta, a ganina, ta abin da ya kamu da cuta ce kaɗai, zan zo kansa.

Hanya ta biyu ita ce wadda ta fi yaudarar mutane, domin a ido ta yi kama da hikima: a sassare kara a binne shi ɗanye a cikin kunya ko fangali, a ce zai ruɓe ya zama taki shuka na ci. Abin da ke faruwa a ƙasa daban ne. Kara ba ya ruɓewa da kansa, ƙananan halittun da ido ba ya gani ne ke cinye shi, kuma su ma suna bukatar naitirojin don su hayayyafa. Abincin da ya yi musu daidai shi ne mai kabon, wato sinadarin da ya fi yawa a jikin busasshen kara, kashi 25 zuwa 30 a kan naitirojin kashi ɗaya. Karan masara yana wajen 60 a kan ɗaya, tattaka takan wuce haka, garin katako kuwa ɗaruruwa ne. Idan aka ba su irin wannan, sai su cike giɓin da naitirojin ɗin da ke cikin ƙasar, har da yuriyar da manomi ya saya da kuɗinsa. Kamar baƙi ne da aka ajiye wa tuwo babu miya, suka shiga tukunyar masu gida. Daga baya za su mayar da abin da suka ɗauka, amma bayan makonni huɗu zuwa takwas, ko fiye idan karan manya ne. Karas kuwa gaba ɗaya rayuwarsa wata uku ne zuwa uku da rabi. Wanda ya taɓa ganin irin wannan fangali ya san kamanninsa: tsiro ya fito lafiya, sai ya tsaya cik, ganyen ƙasa ya yi ɗorawa, ana ba shi ruwa ba ya motsi.

Ko da an ƙara yuriya an magance yunwar, akwai ɓarnar da ba ta gyaruwa. A makonnin farko karas yana tura siririyar saiwa guda ɗaya ta miƙe ƙasa, daga baya ne take yin kauri. Idan bakin wannan saiwa ya ci karo da guntun kara, ko totuwar masara, ko dunƙulen kashin da bai ruɓe ba, sai ya karkace ko ya mutu, saiwoyin gefe su karɓi girman. Ranar tono sai ka ɗago karas mai ƙafa biyu ko uku, wani ya murɗe, wani duk gashi. A ci dai zai ciwu, amma dillali a kasuwar Yankaba ta Kano yana zazzage buhu zai ware shi gefe ya karya masa farashi. Sannan busasshen kara a cikin ƙasa kiran gara ne, ita kuma idan ta gama da shi ba ta jin kunyar shiga sandar rogo da aka dasa ko ta huda dankali. Binne ɗanyen kara yana da wurinsa, amma sai idan akwai damina guda cur tsakaninsa da shukar saiwa: a datse shi ƙanana, a binne a farkon ruwa, a noma wake ko masara a kai, sannan karas ya biyo baya da rani.

Wannan karan da ya yi ɓarna a ƙarƙashin ƙasa, idan aka shimfiɗa shi a samanta sai ya zama abin alheri. A sama, wurin da ya taɓa ƙasa kaɗan ne, don haka ba ya ƙwace abincin shuka, ba ya kuma tare wa saiwa hanya. Yana rage ƙafewar ruwa, yana danne ciyawa, yana sanyaya ƙasa. A cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, an yi shekaru ana gwada barin karan gero tan biyu a kowace hekta a kan jigawa, aka ga yana tare ƙurar da iska ke ɗaukowa, yana kare tsiro daga yashi, amfanin gero kuma ya ƙaru. Wancan gwajin a kan gero aka yi shi, amma sanyaya ƙasa da riƙe danshi sun fi yi wa masu saiwa amfani. Dankalin Turawa ya fi ƙulla 'ya'ya idan zafin ƙasa yana tsakanin digiri 15 zuwa 20, idan ya doshi 30 sai ya daina. Mai noma shi da rani a ƙasar Kano, ko a Bonkuku ta Nijar, yana tsere ne da zafin ƙarshen Fabrairu, kuma tattaka mai kaurin yatsu uku a kan kunya tana ƙara masa kwanaki. Tana kuma rufe 'ya'yan da suka leƙo waje kada rana ta mayar da su kore, koren dankali kuwa yana da ɗaci da guba. A dankalin Hausa, ƙwaron da ke huda shi ya sa shi ɗaci ta tsagewar ƙasa yake shiga, shimfiɗa kuma tana hana ƙasa tsagewa. Masu doya a Binuwai da Neja sun riga kowa sanin wannan, shi ya sa suke ɗora wa kowane tsibi hular busasshiyar ciyawa bayan dasawa.

Da karas sai an yi hattara. Irinsa ƙanana ne, a sama-sama ake yafa shi, yakan kuma ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya fito, kuma idan saman ƙasa ya bushe ya yi ɓawo a cikin waɗannan kwanaki an yi asarar iri. Siririyar shimfiɗar tattaka, wadda ana hango ƙasa ta cikinta, tana riƙe danshin. Amma ranar da aka ga tsiro ya fara leƙowa a janye ta, in ba haka ba zai yi tsawo ya yi fari ya kwanta. Sai ganye ya kai tsawon yatsa, an yi cira an rage cunkoso, sannan a mayar da ita tsakanin layuka. Aibin shimfiɗa shi ne a kakar farko kusan ba ta ciyar da shuka, sai ɗan fotash da ruwa ke wankowa. Tana kuma ba ɓera da gafiya mafaka, kuma a fadama mai riƙe ruwa da damina takan jawo ruɓa. Tattaka da karmami sun fi dacewa da ita, karan dawa mai kauri sai an datse.

Yanzu ga abin da ya cancanci shiga cikin ƙasa: ruɓaɓɓen taki. Ana datse kara gutsi-gutsi kamar tsawon tafin hannu, a jera shi hawa-hawa a rami ko a tsibi, hawa na kara, hawa na kashin dabbobi ko na kaji ko ɗanyen ganye, ana yayyafa ruwa. Awon da ya fi sauƙin riƙewa shi ne kwando uku na busasshe, kwando ɗaya na kashi. Tsibin ya kai aƙalla mita ɗaya a tsawo da faɗi da tudu, in ba haka ba ba zai riƙe zafi ba. Bayan kwana uku ko huɗu a soka sanda a tsakiya, a bar ta ɗan lokaci a zaro: idan ta fito da zafi da danshi aiki na tafiya, idan ta fito a bushe da fari-fari a jikinta ruwa ya yi kaɗan, idan tana wari ruwa ya yi yawa iska ba ta shiga. Zafin da ake nema digiri 55 zuwa 65 ne, shi ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. A juya shi duk bayan mako biyu ko uku, na gefe ya koma tsakiya. Da kulawa, a cikin wata uku zuwa huɗu zai nuna: ya yi baƙi, ya huce, yana marmashewa a hannu, ba a gane kara ba a gane kashi. Don karas a tankaɗe shi da rariyar waya irin ta magina, ragowar gutsattsarin a mayar cikin sabon tsibi.

A nan ne lissafin lokaci yake kama mutane. Karan da aka yanke a Nuwamba ba zai zama takin karas ɗin da za a shuka a Nuwamba ko Disamba ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takin karas na bana daga karan bara yake fitowa. Kuma ruɓar da kara da rani yana shan ruwa sosai, wanda ba kowa ke da shi ba, alhali da damina ruwan kyauta ne. Tsarin da ya fi dacewa da ƙasarmu shi ne a adana kara da rani, a haɗa tsibi a watan Yuni ko Yuli, a rufe shi da tsohuwar zana ko buhuna don kada ruwan Agusta ya wanke fotash ɗin da ake nema, zuwa Oktoba ya nuna daidai lokacin gyaran fangali.

To daga Nuwamba zuwa Yuni ina karan zai zauna? Wannan ya kawo mu hanya ta biyar, wadda na fi yarda da ita a kan sauran, wato a bi da shi ta wurin dabba. Harawar wake da ta gyaɗa su ne ragowar da ta fi kowace naitirojin, kabon ɗinsu wajen 20 zuwa 30 ne a kan ɗaya, suna ruɓewa da wuri ba tare da sun ƙwaci komai ba. A takarda su ne takin da ya fi. Amma duk wanda ya san yadda damin harawa ke tsada a watan Maris da Afrilu, ko gab da Babbar Sallah lokacin da masu kiwon raguna ke nemanta ido rufe, ba zai binne ta ba, kuma bai kamata ya binne ba. Tunkiya ko saniya tana cin harawa da karmami ta yi nama da nono, sannan ta mayar da mafi yawan sinadaran da ta ci ta kashi da fitsari. An ci riba biyu ke nan. Abin da aka fi sakaci da shi shi ne fitsarin: kusan rabin naitirojin da mafi yawan fotash ta nan suke fita, kuma a turken da babu shimfiɗa ƙasa ce ke shanye su, rana ta ƙone saura. Idan aka zuba ragowar karan da dabba ta ƙi ci, da tattaka, da ɓawon gyaɗa a ƙarƙashinta, su za su tsotse fitsarin, kofato ya farfasa su, a riƙa ƙara sabo a kai. Zuwa faɗuwar ruwa an samu haɗin kara da kashi da fitsari wanda ba ya bukatar awo, sai dai a kwashe a tsiba a bar damina ta ƙarasa. Da irin wannan takin turke, haɗe da sharar birni da ake kaiwa a mangala a bayan jaki, manoman kewayen Kano suka yi ɗaruruwan shekaru suna noma gona ɗaya kowace shekara ba ta mutu ba.

Sai dai kada a ɗauko shi daga turke kai tsaye zuwa fangali. Ɗanyen kashi yana ƙone bakin saiwa, yana cike da irin ciyawa, kuma yana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa. Karas ɗanye ake cinsa, yara na saye a tire a bakin makaranta, wani ko wankewa ba ya yi. A Amurka, ƙa'idar noman da ba a sa masa takin zamani ta wajabta kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen kashi da girbin duk abin da ke taɓa ƙasa. Wannan ya fi tsawon rayuwar karas, ma'ana ɗanyen kashi ba shi da wuri a fangalinsa ko kaɗan.

Buntun shinkafa shari'arsa daban. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne, shi ya sa yake tsibi kamar tsauni a bayan injinan casa, sau da yawa kuɗin ɗauka kawai za ka biya. Abinci a cikinsa kaɗan ne, kuma yana daɗewa bai ruɓe ba saboda sinadarin yashi da ke jikinsa. Amfaninsa shi ne sassauta ƙasa mai laka, wadda karas ba ya iya hudawa. Ɗanye da yawa zai jawo irin yunwar da kara ke jawowa. Idan aka babbake shi a hankali ya zama baƙi bai kai ga zama farar toka ba, aka kashe da ruwa, aka cakuɗa da taki, yana buɗe laka na tsawon shekaru. A jigawa kuwa ba sassautawa ake nema ba, ruɓaɓɓen taki ya fi shi amfani.

Akwai abin da ba ya shiga tsibi ko shimfiɗa. Ganye da ruɓaɓɓun 'ya'yan dankalin Turawa da cutar ƙonewar ganye ta kama, wadda ke addabar manoman Bokkos da Mangu da damina, ko cutar da ke sa shuka ta yi yaushi farat ɗaya, a tara su a ƙone nesa da gona. Saiwar tumatir da ta kuɓewa mai ƙulli-ƙulli tana ɗauke da tsutsar da ita ma ke sa karas ya rarrabu, ita ma wuta. Wuta-wuta da ta riga ta yi fure a cire ta daga cikin karan dawa kafin a tara, domin tsiro ɗaya yana zubar da dubban iri masu rayuwa fiye da shekara goma a ƙasa. Ba ta kama karas, amma za ta jira hatsin da zai biyo baya.

Idan aka zo zaɓi, amsar tana bin abin da za a shuka. Karas ya fi kowa tsanani: tankaɗaɗɗen ruɓaɓɓen taki kawai, a cakuɗa shi da ƙasa zurfin kamu ɗaya, mako biyu kafin shuka. Dankalin Turawa yana karɓar takin da bai gama narkewa sarai ba muddin ya huce, kuma shi ya fi kowa cin moriyar shimfiɗar tattaka bayan an yi masa huɗa. Dankalin Hausa ba ya son naitirojin da yawa, idan aka cika masa kashin kaji sai ya yi ta yaɗo ganye shar, a tona a tarar da 'yan siraran saiwoyi. Takin kara mai ɗan kashi kaɗan da 'yar toka ya fi masa. Rogo da doya da makani suna daɗewa a gona, don haka shimfiɗar da aka yi musu tana samun lokacin ruɓewa su ci, sai dai a bar tazara tsakaninta da gindi saboda gara. Wanda ba shi da dabba ko ɗaya ya sayar da harawarsa ya sayi kashin kaji da kuɗin, ya haɗa da karansa. Wanda kuma lokaci ya riga ya ƙure masa bana, ya shimfiɗa tattakar a sama, ya ciyar da shukar da kamfa, ya tanadi sauran karan don baɗi.

Yawan da ake bukata a lambu kilo ɗaya zuwa biyu ne a kowace murabba'in mita, wato tan 10 zuwa 20 a hekta. Hekta guda ta dawa ko masara kuwa 'yan tan kaɗan na kara take bayarwa, a ciki za a cire na danga da zana da girki, abin da ya rage kuma idan ya ruɓe ya zabge. Ragowar hekta ɗaya da ƙyar ta wadatar da sulusi ko rubu'in hekta na karas. Gara a zuba shi sosai a 'yan fangalin da ya isa, a juya zuwa wasu baɗi, da a barbaɗa shi ko'ina ya zama babu inda ya ji. Kuma tun da fosforas ɗin da ke cikin kara kaɗan ne, ƙasarmu ta arewa ma tana ƙarancinsa, sai an haɗa da sufa ko kamfa lokacin gyaran fangali, sannan a bi da 'yar yuriya kaɗan bayan cira idan ganye ya nuna yana so.